Tsakanin "Ya Bayyana" da "Ya Yi Zargi": Yadda Muka Auna Ɓangaranci a Labaran Wata Tashar Rediyo a Zariya

A ƙarshen watan Janairun 2023 wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a teburin mai shayin da muke zama bayan sallar isha'i a Tudun Wadan Zariya. Dattawa biyu ne suka riƙe ta. Ɗaya tsohon ma'aikacin reluwe ne da ya yi ritaya, ya daɗe yana tare da babbar jam'iyyar adawa. Ɗayan maɗinkin manyan riguna ne daga cikin birni, ɗan a-mutun jam'iyya mai mulki, kuma ba ya ɓoyewa. Rediyon mai shayi kullum a tasha ɗaya take. Labarai ɗaya suke ji, a kan benci ɗaya suke zaune. Amma da an kammala sai tsohon ma'aikacin ya ajiye kofi ya ce, "Alhaji, ka dai ji da kunnenka, an saye gidan rediyon nan." Alhaji ya ce, "Malam, in ma an saye shi ai ku kuka saya. Tun ɗazu ban ji komai ba sai sukar gwamnati."

Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, kuma abin ya tsaya mini a rai. Mutum biyu ne masu hankali, babu maƙaryaci a cikinsu, sun ji abu guda, kowa ya tashi da yaƙinin cewa shi aka zalunta. Da na ba 'yar yayata labari, wadda ta karanta aikin jarida tana jiran tafiya bautar ƙasa, sai ta ce, "Kawu, ai wannan ba abin rantse-rantse ba ne. Aunawa ake yi." Daga nan muka ɗauki aikin. Ba zan ambaci sunan tashar ba, domin ba tozarta kowa muka nufa ba. Tana cikin tashoshin da ake kamawa raɗau a Zariya, kuma tana da babban zaman labaran Hausa da yamma.

Tambayar wa ke magana ta bakin kafar labarai tsohuwa ce a garin nan. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta na Hausa, kuɗin kuwa na gwamnatin mulkin mallaka ne. Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945. Tun daga lokacin mai karatu a Zazzau ya saba da riƙe abu biyu a zuciya lokaci guda: yana ƙaruwa da jarida, yana kuma tuna wanda ya biya kuɗin tawada. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne zama da biro da takarda a ƙirga.

Abin da agogo ya nuna

Hanyar da muka bi ita ce wadda masana ke kira nazarin ƙunshiya, wadda Bernard Berelson ya yi wa littafi tun 1952. A taƙaice, ka tattara abin da aka watsa, ka kafa ƙa'idojin ƙirga kafin ka saurara, sannan ka bi su ko sun yi maka daɗi ko ba su yi ba. Mun naɗi labaran yamma a waya daga 1 ga Fabrairu zuwa 16 ga Maris, wato har lokacin da doka ta rufe yaƙin neman zaɓen gwamnan jihar Kaduna da aka yi ranar 18 ga Maris. Wayar a jingine take da rediyo a kan tagar ɗakina, don haka a wasu faifan ana jin kiran sallar magariba da kukan awaki a bayan muryar mai karanta labarai. Wasu ranaku sun kuɓuce mana saboda rashin wuta. Mun rubuta su a matsayin giɓi, ba mu cike su da abin da muka tuna ba.

Kowane labari muka ba shi layi guda a babban littafin rajista irin na makaranta: kwanan wata, na nawa ne a jeri, tsawonsa da daƙiƙa, wa ake magana a kansa, an sa muryarsa ko karanta maganarsa aka yi, sannan ko labarin ya ɗaga shi, ko ya kayar da shi, ko ya bar shi a tsaye. 'Yar yayata ce ta kawo rabe-raben da Dave D'Alessio da Mike Allen suka yi a shekarar 2000, inda suka kasa ɓangaranci gida uku: wanda ke cikin zaɓen labarin da za a bayar, wanda ke cikin yawan filin da aka ba kowa, da wanda ke cikin lafazin da aka yi amfani da shi. Mun fara da na tsakiya don shi ya fi sauƙi. Agogo kawai yake buƙata.

Nan take muka ci karo da tambayar da ban taɓa kawowa a rai ba: daidai da me za a gwada? Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana amfani da kafofin gwamnati don fifita wata jam'iyya ko danne ta, ya kuma ce a raba lokacin watsa shirye-shirye daidai tsakanin jam'iyyu, a sa'o'i masu kama da juna. Ga tashoshin gwamnati ya ƙara sharaɗin biyan kuɗin da ya dace, kuma wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne, zan dawo kansa. To amma jam'iyyu 18 ne ke da rajista a lokacin. In aka ce sai an raba minti talatin gida goma sha takwas, da wuya a samu tashar da za ta tsira, kuma mai sauraro ma ba zai yarda an yi masa adalci ba. In kuma aka ce a gwada da ƙarfin kowace jam'iyya, da me za a san ƙarfin? Bayan zaɓe alƙaluman hukumar zaɓe sun nuna Uba Sani na APC mai mulki ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru na PDP, babbar jam'iyyar adawa a lokacin, 719,196, Jonathan Asake na LP 58,283. Wani zai ce to ga ma'auni nan. Ni ban gamsu ba, domin mai yiwuwa ƙaramar jam'iyya ta samu ƙuri'a kaɗan ne saboda ba a ji ta ba tun farko. Ka auna rediyo da sakamakon da ita kanta ta taimaka aka samu, ka auna tsawon mutum da inuwarsa ke nan.

Abin da muka tsayar shi ne mu gwada manyan jam'iyyun biyu da juna, mu ajiye sauran a shafi dabam. A labaran yaƙin neman zaɓe zalla, wato gangami da alkawura da sauya sheƙa, ɓangarorin biyu sun yi kusa da juna ƙwarai. Da a nan muka tsaya, da mun koma wurin mai shayi mun ce wa dattawan duka biyu ba su da hujja. Amma akwai wani rukunin labarai da ba a kiransu na siyasa: buɗe titi, raba kayan tallafi, ziyarar gani da ido, karɓar baƙuncin sarakuna. Da muka haɗa waɗannan, sai sikeli ya rinjaya sosai wajen masu mulki. Shin buɗe asibiti ana saura kwana goma zaɓe aikin gwamnati ne ko neman ƙuri'a? Duka biyun ne, kuma ba na ganin laifin tasha in ta ba da labarin. Sai dai wanda ba ya kan kujera ba shi da asibitin buɗewa, don haka duk mai awo na gaskiya dole ya nuna lissafin biyu gefe da gefe. Ƙananan jam'iyyu kuwa shafinsu ya kusa zama fari fat.

Makon da ƙa'idarmu ta rushe

Lokacin da muke wannan aiki shi ne tsakiyar wahalar takardun kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, sannan ya ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai za a ci gaba da karɓa, a ranar kuma Gwamnan Kaduna Nasiru El-Rufa'i ya yi wa jama'ar jihar jawabi ya ce su ci gaba da hulɗa da tsofaffin takardun. Jam'iyyarsu ɗaya.

A wane gida za a saka wannan labari? Ni na rubuta cewa ya kayar da jam'iyya mai mulki, tunda ga gwamnanta yana ja da shugabanta a bainar jama'a. 'Yar yayata ta rubuta cewa ya ɗaga ta, tunda a kunnen mai sayar da tumatir a kasuwar Sabon Gari ga gwamna ya tsaya masa. Muka yi ta ja har dare, daga ƙarshe muka gane cewa laifin na littafinmu ne. Mun zana gidaje bisa jam'iyya, alhali siyasar makon ba bisa jam'iyya take tafiya ba. Dole muka koma farko muka raba layin: gwamnatin jiha dabam, ta tarayya dabam, ɗan takara dabam. Sai ga wani abu ya fito wanda jimillar farko ta rufe: "sukar gwamnati" da Alhaji maɗinki ke kuka da ita, kusan duk gwamnatin tarayya ake suka, kuma yawancinta daga bakin manyan jam'iyyarsa take fitowa.

Wannan saɓani ya tilasta mana auna kanmu. Ina da wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi a zaɓen, ita ma tana da nata, kuma ba ɗaya ba ne. Wannan ya amfane mu. Kowa ya riƙa cike nasa littafin shi kaɗai, sannan mu gwada. Yawan dacewa kawai ba ya wadatarwa, domin in gida biyu ne, ko kwabo mutum biyu suka riƙa jefawa za su dace a kusan rabin lokuta. Akwai lissafin da Jacob Cohen ya fitar a 1960 wanda ke cire dacewar da sa'a kaɗai za ta iya kawowa, a ga abin da ya rage. A kan tsawon labari da jerinsa ba mu saɓa ba. A kan "ya ɗaga ko ya kayar" kuwa, zagayen farko bai yi kyau ba sam. Mun ɗauki wannan a matsayin gargaɗi: duk gidan da mu biyu ba mu iya dacewa a kansa, kunnenmu muke aunawa, ba tashar ba. Sai muka jingine hukunci da jin zuciya, muka koma ƙirga abin da ido zai iya nunawa a rubuce.

Inda karkatar take kwance

Nan aikin koyar da Hausa ya yi mini rana. Mun kwafe jimlolin da ke gabatar da maganar 'yan siyasa kalma da kalma, muka ware aikatau ɗin da aka jingina maganar da shi. Hausa tana da tsani a nan, kuma kowane mai sauraro yana hawa da sauka a kansa ko da bai taɓa ba shi suna ba. A can sama akwai "ya tabbatar da cewa", wanda ke nufin magana ta zauna. Ƙasa kaɗan akwai "ya bayyana cewa", kamar dai abin yana nan a ɓoye, shi ya yaye masa mayafi. Akwai "ya jaddada". A tsakiya akwai "ya ce", wanda bai ƙara bai rage ba. Daga nan sai a fara gangara: "a cewarsa", "ya yi iƙirarin", "ya yi zargin". A can ƙasa kuma akwai "wai". Duk wanda ya taɓa bin bashi ya san bambancin "ya ce zai biya gobe" da "wai zai biya gobe". Harafi uku ne, amma sun isa su zare wa magana laka.

Ƙirgar farko ta nuna masu mulki sun fi samun matakan sama, 'yan adawa na ƙasa. Na so in ce shi ke nan, an kama ɓarawo da kaya a hannu. 'Yar yayata ta hana. Ta ce, "Kawu, ɗan adawa ai yawancin maganarsa tuhuma ce. In ya ce an wawure kuɗi kuma kotu ba ta yanke ba, edita ba shi da wata kalma sai zargi. In ya ce ya bayyana, gobe lauya zai zo." Gaskiyarta. Ga shari'ar ɓata suna, ga kuma hukumar NBC da aka kafa a 1992 don kula da gidajen rediyo da talabijin, mai ikon ladabtar da tashoshi. Kalmar "zargi" a wurinta kariya ce ga wanda ake tuhuma, kuma aikin jarida na ƙwarai ke nan.

Don haka muka sake tacewa. Muka ware jimlolin da wani ɓangare ke tuhumar ɗayan da abin da ba a tabbatar ba, daga kowane gefe, muka gwada tuhuma da tuhuma. A nan ne, a ganina, aikin ya kai ga ƙashi. In tuhumar daga ɗan adawa ta fito, kusan kullum da "zargi" ko "iƙirari" take zuwa, wani lokaci har da "wai" a kai. In daga mai riƙe da muƙami ta fito, sau da yawa sai ta zo da "ya bayyana" ko "ya yi gargaɗin cewa". Ga siffar jimlolin biyu, na cire sunaye:

"Wane ya bayyana cewa wasu 'yan siyasa na shirin tayar da hargitsi ranar zaɓe."

"Wane ya yi zargin cewa wai ana shirin murɗe zaɓe."

Dukkansu magana ce kan abin da bai faru ba, dukkansu babu hujjar da aka gabatar a cikin labarin. Tsawonsu a agogo kusan ɗaya ne. Amma ta farko ta shiga kunne a matsayin sanarwa, ta biyu a matsayin ƙorafi. Wannan ɓangaranci ne, kuma ana iya ɗora yatsa a kansa.

Sai kuma ƙaramin lamirin nan "an". Hausa na ba ka damar faɗin aiki ba tare da mai aikin ba: an kama, an rushe, an hana. Mutanen Zariya ba sa buƙatar a koya musu nauyin wannan. Bayan abin da ya faru a garin nan a watan Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci, wanda kwamitin binciken da gwamnatin jihar ta kafa ya ce ya ci rayuka sama da 340, kowa a nan ya ji yadda "arangama" da "rikici" da "kisa" suke ba da labari uku mabambanta, da yadda "an rasa rayuka" ke wucewa ba tare da ta taɓa kowa ba. A faifanmu mun ƙirga sau nawa aka ambaci mai aiki da suna. Abin alheri in daga hukuma ne, yana da mai shi: wane ya ƙaddamar, wane ya raba. Abin da ba shi da daɗi kuwa yawanci "an" ke ɗauke da shi. A ɓangaren adawa ba a cika yin wannan rangwame ba. Haka nan taron jama'a: na wani "dubban magoya baya" ne, na wani "wasu matasa". Labaran sauya sheƙa kuwa, daga kowane gefe, adadin da jam'iyyar da ta karɓi baƙin ta faɗa shi ake karantawa, ba a cewa daga bakin wa ya fito.

Dole in faɗi inda tashar ta fita. A laƙabi da girmamawa ba mu ga bambanci ba. Kowa an ba shi Alhajinsa da Malam ɗinsa da muƙaminsa. A sa muryar mai magana ma, a labaran gangami, an yi ƙoƙarin ba kowa nasa.

Mun gwada wata dabara ta masana tattalin arziki biyu na Amurka, Matthew Gentzkow da Jesse Shapiro, waɗanda a 2010 suka tattara kalmomin da 'yan majalisar kowace jam'iyya suka fi furtawa, suka duba wace jarida ke kwaikwayon bakin wa. Misali, haraji ɗaya ne, wasu na ce masa harajin dukiyar gado, wasu harajin mutuwa. A wurinmu dabarar ba ta yi nisa ba, domin jam'iyyunmu ba su rabu a kalmomi haka ba. Wanda ke nan bara yana can bana, da bakinsa ya tafi. Wuri ɗaya ta yi aiki: a takardar hukuma "sauya fasalin naira" ne, a layin banki "canjin kuɗi", a bakin wanda ya fusata "ƙwacen kuɗi". Abin da suka gano a can, cewa ra'ayin masu sayen jarida ya fi na mai jaridar tasiri, ba na jin za a ɗauko shi a dasa a nan yadda yake. Mai sauraron rediyo a Zariya ba ya biyan ko sisi. Masu talla da masu sayen fili ke riƙe da tukunyar.

Abin da ba a faɗa ba

Wannan ya fi komai wuyar awo, don ba ya cikin faifai. Tun 1950 David Manning White ya zauna da wani edita a Amurka ya duba labaran da yake jefawa a kwandon shara, ba waɗanda yake bugawa kaɗai ba. Mu ba mu da kwandon sharar edita, sai muka buɗe ƙaramin littafi muna rubuta abin da muka gani da idonmu a gari, da abin da sauran kafofin Hausa suka ɗauko a ranar.

Wata safiya a unguwar PZ na tarar da layin banki tun kafin gari ya waye sosai, mutane sun jera takalma da duwatsu a madadin kansu. Wani dattijo da ya kawo barkono daga wajen Soba yana zaune a gefen kwata da tsofaffin dubu-dubu ƙulle a leda. Ba shi da asusun banki, mai mota ya ƙi karɓar kuɗinsa, masu POS kuma sai ka sayi kuɗinka da kuɗi. Tashar ta yi maganar wahalar kuɗi kusan kullum, ba za a ce ta ɓoye ba. Amma da muka duba gidan "wa ya yi magana", sai muka ga kusan duk masu muƙami ne da kakakinsu. Irin wannan dattijo sai jefi-jefi. Har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki zuwa ƙarshen shekara, labarin a matsayin nasarar wasu manya a kan wasu manya ya zo. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk aikin, domin karkata ce da babu jam'iyyar da za ta kai ƙara a kanta.

Komawa teburin mai shayi

Bayan zaɓe, kafin azumi ya kama, muka rubuta wasu jimlolin a ƙananan takardu, muka maye kowane suna da "Wane", kowace jam'iyya da "jam'iyya kaza". Na karanta wa dattawan ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya: an kyauta wa Wane ko an ƙware shi? Sun dace a kusan duka. Da na zo kan mai "wai", Alhaji ne ma ya fara cewa, "A'a, wannan an yi masa shaguɓe." Da na faɗi ko waye Wanen, ya yi shiru ɗan lokaci, ya ce, "To, Malam, wannan kam taka ce." Tsohon ma'aikacin reluwen shi ma bai tsira ba: da na nuna masa cewa a labaran gangami an ba ɗan takararsa fili kusan daidai da na abokin hamayya, sai da ya sa na kunna masa faifai biyu kafin ya yarda.

Abin da ya same su sananne ne. A 1985 Robert Vallone da Lee Ross da Mark Lepper sun wallafa gwajin da suka yi a Jami'ar Stanford, inda aka nuna wa magoya bayan Isra'ila da magoya bayan Larabawa rahotannin talabijin iri ɗaya kan kisan sansanonin Sabra da Shatila na Bairut a 1982. Kowane ɓangare ya tashi yana ganin shi aka yi wa rashin adalci. Mutum ya fi riƙe abin da ya sosa masa rai. Sai dai wannan bai wanke kowace tasha ba. Yana nufin dai ƙorafin mai sauraro shi kaɗai bai isa hujja ba, ta kowace fuska.

A zaman ne kuma muka gano wani abu da littafinmu bai tanada ba. Da na ce kowa ya kawo misalin abin da ya ɓata masa rai, mafi yawan abin da suka kawo ba daga labarai ya fito ba. Daga shirye-shiryen siyasa ne da ake sayen filinsu, inda sojojin baka ke baje kolinsu, waɗanda ke biyo bayan labarai kai tsaye. Sanarwar cewa an ɗauki nauyin shirin da sauri ake faɗinta, wani lokaci kuma muryar da ta gama karanta labarai ita ke gabatarwa. A kunnen mai shan shayi duk "rediyo ta ce" ne. Nan sharaɗin biyan kuɗi da ke cikin doka yake nuna haƙoransa: ƙofa a buɗe take ga kowa, amma mai kuɗi ke shiga, kuma ya shiga da rigar tashar.

Zama da edita

Ta hannun wani abokin karatuna muka samu ganin ɗaya daga cikin editocin tashar. Ya karɓe mu hannu biyu, ya ɗauki littafin ya yi ta buɗawa. Ya ce ba wanda ya taɓa kiransa ya ce rubuta "ya bayyana" ga wane, "zargi" ga wane, kuma na yarda da shi. Ya kwatanta mana yadda yamma take a ɗakin labarai. Ofisoshin gwamnati suna da jami'an hulɗa da 'yan jarida. Kafin la'asar takarda ta iso ta WhatsApp, a tsare, da Turanci, har da murya a naɗe. Mai fassara yana da minti kaɗan, sai ya juya aikatau ɗin da ya tarar a takardar yadda ya zo, kuma wanda ya rubuta takardar ma'aikacin mai maganar ne. Ɗan adawa kuwa ta waya yake kira, a fusace, ana dab da shiga ɗakin watsawa. Zuwa Soba ko Giwa neman muryar manomi na buƙatar mai a babur, a watan da wakilin kansa ba shi da tsabar kuɗi a aljihu. Wanda ya kira taron manema labarai kuma ya ba da kuɗin mota, shi ake zuwa wa.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, na fahimci dalilin, amma mai sauraro ba dalilin yake ji ba, jimlar yake ji." Muka roƙe shi abu biyu. Na farko, duk maganar da tashar ba ta tabbatar da kanta ba, a gabatar da ita da "ya ce", ko daga bakin wa ta fito, tuhuma kuma a kira ta zargi ko da mai muƙami ne ya yi ta. Na biyu, a raba labarai da filin da aka saya: a sa wata murya dabam, a maimaita sanarwar ɗaukar nauyi a farko da tsakiya da ƙarshe.

Na farkon ya karɓa nan take, ya ce ba ya cin ko kwabo, ya ɗauki biro ya kwafi tsanin aikatau ɗin a bayan wata takardar sanarwa, ya ce zai manna a bangon ɗakin fassara. Na biyun ya ce ba a hannunsa yake ba, na sashen talla ne, kuma masu sayen fili sun fi son daidai wannan lokaci da daidai wannan murya, don ita suke biya. Ya nemi mu bar masa kwafin shafukan tuhuma da tuhuma, muka tsaya a wani shago a Kwangila muka yi hoto muka aika masa. 'Yar yayata ta tafi da faifan a wayarta, littafin rajistar kuma yana wurina. A shafinsa na ƙarshe ta zana sabon layi da gidaje biyu da ba mu da su a farko: ɗaya na wanda ya kawo labarin ɗakin labarai, ɗaya na shirin da ya biyo bayansa da wanda ya biya.